Tenzing Norgay, Ɗan Dakon Da Ya Zama Madugu

Cikin hutun da ya wuce, mu shida muka tashi daga Lafiya muka tafi hawan duwatsun Eggon. Wani manomi na gindin dutsen ya yarda ya nuna mana hanya, ya kuma ɗauki jarkar ruwanmu. Muna tafe muna ta Turanci, ba wanda ya tambayi sunansa, sai dai mu ce da shi mai kaya. Da muka kai wani fa mai santsi ƙafata ta zame, na tafi zan gangara, sai mutumin nan ya yar da jarka ya cafke ni a wuyan hannu. Muka sauko lafiya, muka sallame shi, har yau ban san sunansa ba. Kunyar wannan abu ita ta sa na ga ya kamata in ba 'yan'uwana na kwaleji labarin wani mutum wanda ya fara da ɗaukar kayan waɗansu, ya ƙare duniya duka ta san sunansa.

An haifi Tenzing Norgay cikin 1914, ya girma a Kumbu, ƙasar kabilar Sherpa, cikin Nepal, a gindin Eberest. Wannan dutse shi ne mafi tsawo a duniya, ƙafa 29,032, kansa kuwa rufe yake da ƙanƙara rani da damina. Ubansa makiyayi ne na waɗansu shanun dutse masu gashi da ake kira yak. Tenzing bai yi makaranta ba, bai iya karatu da rubutu ba, amma yana jin harsuna da dama. Yana da shekara kamar goma sha tara ya tafi Darjilin ta Indiya, inda Turawa masu hawan dutse ke ɗaukar 'yan dako. Cikin 1935 wani Bature, Eric Shipton, ya ɗauke shi dako zuwa Eberest. Ya sake komawa cikin 1936 da 1938.

Masu wannan sana'a suna da wata al'ada. Mutum biyu ko uku sukan ɗaura igiya guda a gindinsu. In ɗaya yana hawa, ɗayan ya kafe yana sakar masa igiya kaɗan kaɗan, don in ya faɗi a tare shi. In mai riƙo ya yi sakaci, su duka za su tafi. Watau wanda ka ɗaura igiya da shi, ransa amana ne a hannunka, naka kuma a hannunsa. A kan wannan amana aka san Tenzing. Cikin 1947, wajen hawan dutsen Kedarnat tare da mutanen Suwizalan, shugaban 'yan dako ya faɗi ya yi rauni ƙwarai. Tenzing na cikin waɗanda suka hau suka sauko da shi, aka kuwa naɗa shi a gurbinsa. Suna ce da wannan muƙami sardar, mu ma iya cewa madugu.

Cikin 1952 mutanen Suwizalan suka zo Eberest. Su ne suka ɗauke shi abokin hawa sosai, daidai da kowanensu. Shi da Raymond Lambert suka kwana can bisa cikin ƙaramar tanti, ba abin rufa na kirki, suna narka ƙanƙara da kyandir su sha. Suka kai wajen ƙafa 28,200, inda ba a taɓa tabbatar wani ya kai ba, kana gajiya da ƙarancin iska suka komo da su. Ko da yake ba su jin harshen juna sosai, suka zama aminai har mutuwa.

Da Ingilishi suka zo cikin 1953, Kanar John Hunt ke shugabancinsu, da 'yan dako fiye da 300, Tenzing ne madugu. Zuwansa na bakwai ke nan. Tun a Katmandu aka fara ɓata wa Sherpa rai, gama an sauke su a garejin mota, Turawa kuwa suna cikin gida. Tenzing ya tsaya tsakani, ya kai kukan mutanensa, ya kuma lallashe su har tafiya ta yiwu. Ana nan wata rana yana saukowa tare da Edmund Hillary, wani mai kiwon zuma daga Niyu Zilan, sai ƙanƙara ta karye ƙarƙashin Hillary, ya rufta cikin wani rami mai zurfi. Nan da nan Tenzing ya kafa gatarinsa, ya naɗe igiya, ya tare shi. Tun daga ran nan Hillary ya san da wanda yake so ya hau.

Ran 29 ga watan Mayu, 1953, da ƙarfe goma sha ɗaya da rabi na safe, su biyu suka tsaya a ƙwanƙolin Eberest, suna shaƙar iska daga tukwanen ƙarfe da suka goya. Minti goma sha biyar kaɗai suka yi. Tenzing ya binne alewa da ɗan fensir na 'yarsa cikin ƙanƙara, sadaka bisa ga addininsa na Buda. A wuyansa kuwa akwai jan mayafin da Lambert ya ba shi, don bai manta da wanda suka share hanya tare ba.

To, jama'a, jarrabawar da ta fi ta dutse tana jiransa a ƙasa. Mutanen Nepal da na Indiya kowa na cewa nasu ne, suna so a ce shi ya fara taka ƙwanƙolin, har aka yi zane-zane ana nuna shi yana jan Hillary a baya. Aka matsa masa ya sa hannu a takardun da ba ya iya karantawa. A wancan gefe kuma Sarauniya ta ba Hunt da Hillary sarautar Sa, shi aka ba shi lambar Joji, mutane da yawa suka ga an rage masa. Hillary ma ya rubuta labarin wani fa da suka hau kusa da ƙwanƙoli ta hanyar da ta nuna kamar jawo Tenzing ya yi, abin ya ɓata masa rai, ya kuwa faɗi haka a fili. Duk da haka, cikin littafin rayuwarsa da aka rubuta daga bakinsa cikin 1955, ya bayyana cewa Hillary ne ya fara sa ƙafa, shi yana biye. Da ya yi shiru da mutanensa sun ci gaba da yi masa kirarin na fari. Ya zaɓi ya ba abokin igiyarsa hakkinsa, ya kuma nemi nasa ba tare da ƙarya ba.

Abin da zai fi shafarmu shi ne, Tenzing ya ƙare a malanta. Cikin 1954 aka buɗe makarantar koyon hawan dutse a Darjilin da goyon bayan Firayim Minista Nehru, aka sa shi shugaban horo, ya yi fiye da shekara ashirin yana koya wa samari ɗaurin igiya da riƙon juna. Hillary kuma ya koma Kumbu ya gina wa 'ya'yan Sherpa makarantu, ta fari a Kumjung cikin 1961. Tenzing ya rasu a Darjilin ran 9 ga watan Mayu, 1986, Hillary ya zo jana'izarsa.

Ba da daɗewa ba za a watsa mu ƙauyuka, a damƙa wa kowanenmu aji. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Yaran nan a igiyarmu za su kasance, iyayensu kuwa, waɗanda galibi ba su yi boko ba, sun san hanyoyin da ba mu sani ba. Ni dai na yi niyya, hutu mai zuwa zan koma gindin dutsen nan in nemi manomin, in gaishe shi yadda ya kamata, in tambayi sunansa.