Otto Lilienthal, Bajamushen da ya koyi tashi sama wurin shamuwa

A ƙasashen Turai, musamman Jamus da Faransa, akwai ƙungiyoyin mutanen da abin shaƙatawarsu a ranakun hutu shi ne tuƙa ƙananan jiragen sama marasa inji, waɗanda Faransawa ke kira planeur. Sukan hau tudu, su jefa jirgin da hannu cikin iska, sannan su riƙa juya shi daga ƙasa da na'urar rediyo mai ƴan sanduna biyu. Wanda ya iya karanta iska, jirginshi na iya yin sa'a guda bai sauka ba, ba tare da ko ɗigon mai ba. Duk wanda ya bi salsalar wannan wasa, da ma ta manyan jiragen da ke sauka a filin Diori Hamani na Yamai, zai iske sunan Otto Lilienthal. Shi a zamaninshi babu rediyo. Jikinshi ya riƙa ratayawa a ƙarƙashin fukafukan, kuma a haka ajalinshi ya same shi.

An haifi Lilienthal ranar 23 ga watan Mayu na 1848 a Anklam, wani ƙaramin gari a arewacin Jamus. Mahaifinshi ɗan kasuwar yadi ne da kasuwa ta juya wa baya, ya rasu a 1861. Cikin ƴaƴa takwas, uku kaɗai suka rayu: Otto, ƙanenshi Gustav da ƙanwarsu Marie. Fadamun Anklam matattarar wata farar shamuwa ce, ƴar'uwar wadda ke yi wa manoman ƙasar Hausa albishir da damina, kuma ita ma idan sanyi ya shigo Turai Afirka take tahowa. Otto da Gustav sun yi ƙuruciyarsu suna bin wannan tsuntsuwa. Sun lura cewa idan za ta tashi, iska take fuskanta ta yi ƴan tsalle-tsalle, kuma da ta hau sama sai ta shimfiɗa fukafukai ta daina kaɗawa. Tun suna ƴan lakkol suka ƙera fukafukai suka ɗaura a hannu, suna gwadawa da dare don gudun dariyar abokai. Ko taƙi ba su tashi ba.

Otto ya karanci ƙere-ƙeren inji a Potsdam da Berlin. A 1870 ya shiga soja lokacin yaƙin Faransa da Prusiya, yana cikin rundunar da ta yi wa Paris ƙawanya, a daidai lokacin da mutanen birnin ke fitar da wasiƙu da balan-balan ta saman kawunan abokan gaba. Balan-balan ba ta taɓa burge shi ba, don inda iska ta ga dama can take kai ta. Bayan yaƙi ya yi aiki da kamfanoni, ya auri Agnes Fischer a 1878, suka haifi ƴaƴa huɗu. Shi da Gustav sun ƙirƙiro wasu ƴan tubalan dutse na wasan yara, rashin jari ya sa suka sayar da fasahar ga wani attajiri, Friedrich Richter, wanda ya yi arziki da ita su kuma suka tashi da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Abin da ya tsayar da Otto da ƙafafunshi shi ne wata tukunyar tururi da ya ƙirƙiro wadda ba ta saurin fashewa. Da ita ya kafa masana'anta a Berlin, kuma tun 1890 ya fara ba ma'aikatanshi kashi 25 cikin 100 na riba, abin da ba a saba gani ba a wancan zamani.

Duk wannan neman abinci ne. Aikin da ya ci mishi rai yana bayan gida, inda shi da ƙanenshi suka share kusan shekara ashirin suna aune-aune. Sun kafa wani dogon hannu mai juyawa, su ɗaura faranti a bakinshi, su auna ƙarfin da iska ke ɗaga shi da ƙarfin da take ja da shi baya. Sun gwada shimfiɗaɗɗen faranti, sun gwada mai ɗan lanƙwasa irin fiffiken tsuntsu, kuma bambancin ya fito fili: mai lanƙwasar ya fi ɗagawa nesa ba kusa ba. A 1889 Otto ya tattara sakamakon a littafi kan tashin tsuntsaye a matsayin tushen fasahar tashi sama. Littafin bai yi kasuwa ba. Amma zanen da ya fito da shi, mai nuna yadda ɗagawa da jan baya ke sauyawa idan an karkata fiffike, har yau shi injiniyoyi ke amfani da shi, kuma shi masu ƙananan jirage ke dubawa kafin su zaɓi siffar fiffiken da za su ƙera.

A nan ne ya raba hanya da sauran masu neman tashi sama. Yawancinsu inji suke nema, a ganinsu da an samu mai ƙarfi magana ta ƙare. Lilienthal ya tsaya kan cewa sai mutum ya fara sanin iska da jikinshi, kamar yadda ba a koyon iyo a kan tudu. Ya fara da tsalle daga wani dandamalin katako a lambun gidanshi. A 1891, a kan wani tudun yashi kusa da ƙauyen Derwitz, ya yi tafiyar kimanin mita 25 a cikin iska. Yana da shekara 43, ga iyali ga ma'aikata.

Na'urar tashi ba ta da wani kwarjini: tsumagun itace mai lanƙwasuwa irin na saƙar kwando, an lulluɓe su da yadin auduga, nauyinta wajen kilo 20, faɗin fukafukan bai kai mita 7 ba. Yakan zura hannuwa a cikin firam, ya ruga da gudu yana gangara tudu yana fuskantar iska, har ƙasa ta rabu da ƙafafunshi. Juyawa kuwa da nauyin jiki ne. In fiffiken hagu ya ɗaga, ya wurga ƙafafu hagu. In kan na'urar ya ɗaga, ya wurga su gaba. Abin da ɗan ƙungiya ke yi yau da babban yatsa, ya motsa wani ɗan marfi a wutsiya ko a gefen fiffike, shi da cinyoyinshi yake yi.

Da ya ga Berlin ba ta da tudun kirki, sai ya gina nashi a 1894 a unguwar Lichterfelde, mai tsawon mita 15, mai siffar tulin gyaɗa don ya iya fuskantar iska ta kowace kusurwa. A ƙarshen mako kuma ya hau jirgin ƙasa zuwa tuddan Rhinow, inda ya kai mita 250 a tashi guda. Gaba ɗaya ya yi tashi fiye da 2,000. Ya zo a kan gaɓa, don a lokacin an fara samun na'urar hoto mai kama abu yana motsi, kuma masu ɗaukar hoto irin su Ottomar Anschütz sun kama shi a sararin sama. Jaridun duniya suka buga. Kafin nan, mai maganar tashi da fukafukai ana yi mishi kallon taɓaɓɓe. Hoto ya kashe wannan gardama. Ya ma riƙa sayar da na'urar a kan mark 500, kuma cikin masu saye akwai Bafaranshe Charles de Lambert, da masanin Rasha Nikolai Jukovski, da mai gidan jaridun Amurka William Hearst.

Yana da wani fata da tarihi bai cika mishi ba. A wata wasiƙa ta 1894 ya nuna cewa idan mutane suka iya tashi, iyakokin ƙasashe za su rasa amfani, yaƙi ya zama abin da ba zai yiwu ba. Shekara ashirin bayan nan aka fara sako bama-bamai daga jirage a kan biranen Turai.

Rauni na tsarinshi shi ma ya san da shi. Nauyin mutum na da iyaka, don haka fukafukan ba za su iya girma ba, kuma iska mai ƙarfi na iya fin ƙarfin ƙafafu. Ya gwada fukafukai biyu, ɗaya bisa ɗaya, ya kuma fara nazarin wasu hanyoyin juyawa, amma bai kammala ba. Ranar Lahadi 9 ga watan Agusta na 1896, a tudun Gollenberg kusa da ƙauyen Stölln, iska ta ɗaga kan na'urar har ta tsaya cik a sama. Ya wurga jiki gaba, abin ya ƙi. Ya faɗo daga tsawon mita 15, ƙashin wuyanshi ya karye. Aka ɗauke shi a jirgin ƙasa zuwa asibiti a Berlin, inda ya cika washegari yana da shekara 48. A 2016 cibiyar binciken sararin samaniya ta Jamus ta sake ƙera irin na'urar ta gwada ta a ramin iska. Ta tarar tana da daidaito, tana yin gaba kusan mita 4 a kowace mita guda ta sauka, amma da kanta ya ɗaga ya wuce ƙima, matuƙin ba ya iya maido da ita.

Labarin rasuwar ya kai Amurka, ga wasu ƴan'uwa biyu masu gyaran keke, Wilbur da Orville Wright. Sun ɗauki hanyarshi ta fara koyon tashi ba inji, sun soma da alƙaluman littafinshi kafin su yi nasu aune-aunen, amma suka bar juyawa da nauyin jiki, suka koma murɗa fukafukai da motsa wutsiya. A watan Disamba na 1903 suka ɗora inji suka tashi.

Tashi ba inji bai mutu ba. Da yarjejeniyar Versailles ta 1919 ta ɗaure hannun Jamus kan jiragen inji, matasanta suka koma tudu, suka fara gasa a dutsen Wasserkuppe a 1920. Har yau a wannan dutse ake haɗuwa, masu manyan jirage marasa inji a gefe guda, masu ƙanana na rediyo a gefe guda. Tudun da ya gina a Lichterfelde yana nan, an mayar da shi wurin tunawa da shi tun 1932. A Stölln kuwa, a 1989 wani matuƙi ya sauko da tsohon jirgin fasinja ƙirar Iliyushin 62 a kan filin ciyawa, aka bar shi nan ya zama gidan tarihi. Sunan matar Lilienthal, Agnes, aka raɗa wa jirgin, kuma har aure ake ɗaurawa a cikinshi.