Abu Raihan Albiruni: Malamin da ya bambance zinariya da jabu ta hanyar awon ruwa

Manoman Bichi, Dambatta da Tsanyawa sun saba da fararen duwatsun ƙanƙara da garma kan tono a gona. Galibinsu dunƙule suke, amma jefi-jefi akan ci karo da mai gefe shida da tsini a kai, sumul kamar an sassaƙa shi. Dalilin wannan siffa, da kuma yadda za a gane dutse mai daraja daga na bogi, suna cikin abubuwan da Abu Raihan Muhammad bin Ahmad Albiruni ya bincika kusan shekara dubu da suka wuce.

An haife shi a shekarar 973 Miladiyya a Kas, babban birnin ƙasar Khawarizm, yankin da ke cikin Uzbekistan a yau. Ya yi karatun lissafi da ilimin taurari a hannun Abu Nasr Mansur, wanda ɗan gidan sarautar ƙasar ne. A 995 aka tumɓuke wannan gida, sai Albiruni ya yi hijira. Ya sha talauci a birnin Rayyi, daga baya ya samu mafaka a fadar Ƙabus, sarkin Jurjan, inda ya rubuta littafinsa kan kalandar al'ummomi wajen shekarar 1000. Tun yana matashi ya yi musayar wasiƙu da Ibn Sina kan haske da zafi da tsarin sammai.

Ya koma gida, amma zaman bai ɗore ba. A 1017 Sarki Mahmud na Gazna ya ci Khawarizm da yaƙi, ya tafi da malamanta zuwa babban birninsa a Afganistan ta yau. Wannan tafiyar dole ce ta buɗe wa Albiruni ƙofar Indiya. Ya koyi harshen Sanskrit, ya karanta littattafan mutanen ƙasar da kansa, ya kammala shahararren littafinsa a kansu wajen 1030. A sansanin Nandana, cikin Pakistan ta yanzu, ya yi amfani da tsayin wani dutse da lissafin kusurwa ya ƙiyasta girman duniya.

Sai da ya manyanta, a zamanin Sarki Maudud jikan Mahmud, ya rubuta Kitab al-Jamahir fi Ma'rifat al-Jawahir, littafi kan duwatsu masu daraja da ƙarafa. Dukiyar da aka kwaso daga Indiya ta cika taskar Gazna, kuma inda dukiya ta taru nan mazambata ke taruwa. Dillalai kan dogara da launi, alhali ana iya rina gilashi ya yi ja kamar yaƙutu.

Albiruni ya nemi shaidar da rini ba zai ɓoye ba. Ya ƙera wani kasko mai siririn wuya da ɗan bututu a gefe. Sai ya cika shi da ruwa, ya jefa abin da ya riga ya auna, ya tari ruwan da ya malalo ta bututun, ya ɗora shi a ma'auni. Nauyin abin idan an raba shi da nauyin ruwan da ya kora shi ne alamarsa, kuma ba ta canzawa ko guntun babba ne ko ƙarami. Ya gano cewa zinariya ta ninka ruwa nauyi kimanin sau 19. Masana na yau sun ce 19.3. Yaƙutu na kusa da ninki 4, gilashi na yau da kullum kuwa kimanin biyu da rabi ne, don haka jan gilashi ba zai tsallake wannan gwaji ba.

Ya kuma yi bayani kan dutsen da Larabawa ke kira billaur, wato ƙanƙarar da ta yi garau har ana ganin abu ta cikinta. Ya ambata cewa ana kawo shi Basra daga tsibiran da ke gabashin Afirka a sassaƙa kwanuka da shi. Da ya lura da ƙananan abubuwa da suka maƙale a cikinsa, sai ya yanke cewa dutsen ya taɓa zama ruwa-ruwa kafin ya daskare.

Binciken baya ya tabbatar da cewa irin waɗannan duwatsu girma suke yi sannu a hankali daga ruwa mai ɗauke da sinadarai ko narkakken dutse. A 1669 Nikolas Siteno, ɗan ƙasar Denmak, ya nuna cewa kusurwar da ke tsakanin fuskokin ƙanƙara ɗaya ce a kowane guntu. A 1784 Rene Hawi na Faransa ya bayyana cewa ƙananan tubala iri ɗaya ne ke jeruwa su ba da siffar. Shi ya sa ƙwayar gishiri ke fitowa kamar ɗan akwati, haka ma dutsen tozali mai dalma idan an fasa shi. Idan dutse ya samu fili a cikin rami sai ya fito da fuskokinsa, idan kuwa ya girma a matse sai ya dunƙule.

Wannan ilimi yana da amfani ga duk wanda aka kawo wa dutse mai ruwan ɗorawa aka ce zinariya ce. Akwai wani ma'adini na ƙarfe da kibiritu da ke yaudarar mutane da ƙyallinsa. Yakan fito da siffar akwati, nauyinsa ninki 5 ne kawai na ruwa, kuma farfashewa yake yi idan an buga shi, alhali zinariya lotsewa take yi. Ma'auni da kofin ruwa sun isa su hana ɗan kasuwa asarar jarinsa.

Albiruni ya rasu a Gazna wajen shekarar 1050, bayan ya shafe ƙarshen rayuwarsa yana haɗa littafi kan magunguna duk da raunin gani da ji. An lissafa masa rubuce-rubuce fiye da 140, amma kaɗan ne suka tsira. An buga littafinsa na duwatsu a Haidarabad ta Indiya a 1936, kuma garin da ke wurin da aka haife shi yana ɗauke da sunansa a yau.