John Henry Davies da Darasin Hannun Jari

A shekarar 1902, bashin fam 2,670 ya kusa durƙusar da ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Newton Heath a Ingila. Attajirai huɗu suka zuba fam 500 kowannensu, aka sauya mata suna zuwa Manchester United, ɗayansu John Henry Davies, mai kamfanin giya, ya zama shugaba. Jari dai daidai wa daida, amma iko ya tattaru a hannunsa, domin shi ya ci gaba da ciyarwa, har ya gina filin Old Trafford da aka buɗe a 1910. Ya rasu a 1927. Zuwa 1931 ƙungiyar ta faɗa rukuni na biyu, bashi ya dawo. Ashe hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.