Chano Pozo, Makaɗin Ƙasar Kyuba

Mu mazauna kudu kullum muna jin gangunan Yarabawa da na mutanen Kalaba, amma ba kowa ya san nisan da kiɗan nan ya yi ba. Tun zamanin cinikin bayi ya ƙetare teku ya sauka tsibirin Kyuba. A can aka haifi Luciano Pozo, wanda aka fi sani da Chano, a birnin Havana, ran 7 ga Janairu, 1915.

Ɗan talakawa ne, a gidan haya mai cunkoso ya tashi. Ya yi tallar jarida, ya yi shushaina, kuma don rashin ji har gidan horon yara aka kai shi. Amma fa in ya ɗora hannu kan konga, wato doguwar gangar nan da ake bugawa da tafin hannu, sai kowa ya tsaya cak. Yana cikin ƙungiyar asiri ta Abakuwa, wadda tushenta shi ne Ekpe na yankin Kalaba, kuma waƙoƙinta suna bakinsa.

A 1947, a New York ta Amurka, wani ɗan ƙasarsu, Mario Bauza, ya haɗa shi da Dizzy Gillespie, shahararren mabushin ƙaho na kiɗan jaz. Chano ba ya jin Turanci, shi kuma Dizzy ba ya jin Sifaniyanci. Duk wanda ya taɓa ciniki da hannu a kasuwar da bai san yarenta ba ya san wannan hali. Ga shi kuma takun jaz daban, na Kyuba daban, sai da makaɗan suka sha fama kafin su daidaita. Ran 29 ga Satumba suka yi wasa a zauren Carnegie, a Disamba suka ɗauki faifan "Manteca", wanda har yau ake kaɗawa. Farkon 1948 suka zaga Turai, har Faris. Daga nan ne konga ta sami gindin zama a jaz.

Chano mutum ne mai son ado da kashe kuɗi, ga saurin fushi. Ƙarshen 1948 aka sace masa ganguna suna rangadi a kudancin Amurka, ya komo New York neman wasu. Farkon Disamba rigima ta haɗa shi da wani mai sayar da wiwi, a kan kayan banza da ya sayar masa. Mutumin ya same shi a wata mashaya a unguwar Harlem ya bindige shi. Shekararsa 33. Aka mai da gawarsa Havana, aka binne a maƙabartar Colon.