Nehemiya Ɗan Hakaliya, Mutumin da Ya Haɗa Kan Yahudawa

Nehemiya Bayahude ne mazaunin Shushan ta ƙasar Farisa, inda yake aikin shayar da Sarki Artashate. Ba a ba mutum wannan muƙami sai an amince da shi ƙwarai, gama ran sarki yana hannunsa.

Wajen shekara ta 445 kafin haihuwar Almasihu, ɗan'uwansa Hanani ya kawo masa labari cewa garun Urushalima a rushe yake, an ƙone ƙofofinsa, mutanen kuma suna cikin wulaƙanci. Nehemiya ya yi kuka, ya shiga azumi da addu'a har kusan wata huɗu. Cikin roƙonsa ya lasafta kansa da gidan mahaifinsa tare da masu zunubi. Bayan haka ne ya nemi izinin sarki, aka kuwa ba shi wasiƙu da katako.

Da ya isa, sai ya zaga kufan da dare, sa'an nan ya tara shugabanni. Aka raba aikin: Eliyashib babban firist da 'yan'uwansa suka ɗauki Ƙofar Tumaki, maƙeran zinariya da masu turare suka kama nasu rabo, Shallum ya yi gini tare da 'ya'yansa mata, waɗansu kuma suka gyara sashen da ke daura da gidajensu.

Sanballat, da Tobiya, da Geshem suka fara da ba'a, daga baya aka ƙulla kawo hari. Jama'a suka yi addu'a tare, suka kuma sa masu tsaro dare da rana. Da yake sun bazu a kan garun, aka shirya cewa duk inda aka busa ƙaho, nan kowa zai taru.

Wata matsala ta taso daga cikin gida. Talakawa suka koka cewa 'yan'uwansu masu hali sun karɓe gonakinsu jingina, har 'ya'yansu sun shiga bauta. Nehemiya ya tsawata wa manya a gaban taro, suka yi rantsuwa za su mayar. Shi kansa shekara 12 yana gwamna bai karɓi abincin da ake ba gwamna ba.

Aka gama garun cikin kwana 52. A wata na bakwai maza da mata suka taru a dandalin Ƙofar Ruwa, Ezra ya karanta musu Attaura daga safe har tsakar rana. Ran 24 ga watan suka yi azumi, suka hurta zunubansu, suka sa hatimi a kan alkawari.

Ya ku iyalan da ke zaune nesa da gida, a Abakpa Nike ta Inugu da sauran unguwannin baƙi, mu lura: Nehemiya bai raba addu'ar taro da adalci tsakanin 'yan'uwa ba. Kafin mu durƙusa tare ran Lahadi, kowa ya duba abin da ke tsakaninsa da ɗan'uwansa. Ubangiji ya taimake mu. Amin.