Tarihin Imru'ul Ƙaisi, Mawaƙin Larabawa

Imru'ul Ƙaisi ɗan Hujru ɗan sarki ne daga kabilar Kinda. Ubansa ya sarauci Banu Asad a ƙasar Najadu cikin ƙarni na 6 na Miladiyya. Kawunsa shi ne Muhalhil, mawaƙin Taglibu, saboda haka waƙa gado ce gare shi ta wajen uwa.

Tun yana saurayi ya karkata ga farauta da giya da begen mata, yana ambaton sunayensu cikin waƙa. Wannan kuwa tonon asiri ne a wurin Larabawa, kuma abin kunya ga ɗan sarki. Uban ya hane shi bai hanu ba, sai ya kore shi.

Ƙasidarsa da ake kira Mu'allaƙa wajen baiti 80 ce, Zauzani da Tibrizi sun yi mata sharhi. Ya buɗe ta da kuka a kufan masoyiyarsa. Sa'an nan ya tuna ranar Daratu Juljul, sa'ad da ya yanka wa 'yan mata taguwarsa, ya hau raƙumin Unaiza. Daga nan ya siffanta dare mai nauyi wanda ya ƙi wayewa, ya siffanta dokinsa, ya rufe da ambaliya wadda ba ta bar dabino tsaye ba, ba ta bar gini ba sai na dutse. Mai lura zai ga farkonta kufai, ƙarshenta rushewa. Daɗin ƙuruciyar da ke tsakani, duk labarin abin da ya wuce ne.

Haka rayuwarsa ta kasance. Banu Asad suka kashe ubansa. Ya yi rantsuwa ya bar giya da mata sai ya ɗauki fansa. Ya yaƙe su ya kashe da yawa, amma mataimakansa suka watse, Munziru Sarkin Hira ya bi sawunsa. Ya ba Samau'alu na Taima ajiyar sulkunansa, shi kuwa ya riƙe amana har aka kashe ɗansa a kanta. Imru'ul Ƙaisi ya nufi Ƙusɗanɗiniyya neman gudummawar Ƙaisar. A kan hanyar komowa gyambuna suka fito masa, ya mutu kusa da Ankara, bai sami sarautar ubansa ba. Masu ruwaya sun ce Ƙaisar ne ya aika masa da riga mai dafi, don an kai ƙara cewa ya nemi 'yarsa. Wannan duka kafin haihuwar Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi.

Shantamari na Andalus ya sa shi farko cikin mawaƙa shida na diwanin da ake karantawa a zaurukan Kano da Zariya da Sakkwato. Malamai suna ɗibar lugga daga gare shi, suna gargaɗin almajirai da ƙarshensa. Tammat.