Mano Dayak, jagoran Abzinawa da jirgi ya faɗi da shi a duwatsun Ayir

Duk wanda ya sauka a filin jirgin saman Agadas, sunan Mano Dayak ne ke tarbarsa, alhali ƙaramin jirgi ne ya yi ajalin mai sunan ranar 15 ga watan Disamba 1995, a wajen dutsen Adrar Shiriyet, gabas da tsaunukan Ayir.

An haife shi a 1949 a kwarin Tiden, arewa da Agadas, cikin makiyaya Ifoghas. A zamanin da iyaye ke ɓoye ƴaƴansu kada a kai su lakwal, shi an sa shi a makarantar makiyaya ta Azel. Daga can ya wuce Agadas da Yamai, ya yi karatu a Amurka, sannan a Paris. Da ya dawo gida tare da matarsa Bafaransa, sai ya buɗe kamfanin yawon buɗe ido na Temet Voyages, wanda ya riƙa kai Turawa cikin Tenere, ya kuma samar wa matasan Agadas aikin direba da na ja-gora. Ya taimaka wa Bernardo Bertolucci wajen ɗaukar fim ɗin da ya fito a 1990, wanda masu jin Faransanci suka sani da Un thé au Sahara.

Ta wannan sana'a ya ƙulla abota da Thierry Sabine, mai tseren motocin Paris-Dakar. Ranar 14 ga watan Janairu 1986, jirgi mai saukar ungulu da ke ɗauke da Sabine da mawaƙi Daniel Balavoine ya faɗi kusa da Gurma-Rarus a Mali, da almuru, cikin iskar rairayi, yana tafiya ƙasa-ƙasa. Mutum biyar suka mutu.

Matuƙa sun san irin wannan hatsari: injin lafiya lau, jirgi na hannun matuƙi, amma bai san ƙasa ta matso ba. Shi ya sa manyan filaye ke da taswirar sauka da na'ura, wadda ke ƙayyade tsayin da ba a gangarawa ƙasa da shi sai an hango titi da ido. In ba a hango ba, a sake tashi. Mafi yawan masu karo da dutse wajen sauka a nan suke kuskure, ko su gangara da wuri don neman ganin ƙasa, ko su kauce wa layi, ko su saita ma'aunin tsayi ba daidai ba. Wannan ma'auni nauyin iska yake aunawa, kuma kuskuren hektofaskal 10 kan kai mita 80, abin da ya isa a daki ƙololuwar tudu. Wanda ya taɓa ganin yadda hazon hunturu ke shafe duwatsun Damagaram da hantsi ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Kisan Cintabaraden na watan Mayu 1990 ne ya juya rayuwarsa. A 1992 ya wallafa Touareg, la tragédie, ya zama muryar tawayen a kafofin labaran Faransa, har wasu abokan gwagwarmaya na ganin ya fi kusa da Paris a kan fagen daga. Ya raba gari da Rhissa Ag Boula, tsohon ma'aikacin kamfaninsa, ya kafa ƙungiyar FLT a 1993, ya kuma jagoranci gamayyar CRA. Lokacin da Rhissa ya sa hannu kan yarjejeniyar 24 ga watan Afrilu 1995, wadda ake bikinta duk shekara, ɓangaren Mano na gefe. Sulhun da ba ya ciki kuwa rabin sulhu ne, kowa ya san haka a Yamai.

Tafiyar Disamba ke nan: zai je Yamai ya tattauna da hukumomi, a zamanin shugaba Mahamane Ousmane, ɗan Damagaram. Jirgin ya faɗi jim kaɗan bayan tashi, babu wanda ya tsira, har da wasu shugabannin tawaye biyu da ɗan jaridar Faransa Hubert Lassier. Nan da nan zargin maƙarƙashiya ya bazu, kuma har yau akwai masu riƙe da shi. A ganina bai kamata zargin ya rufe abin da ke fili ba: tashi daga jeji tsakanin duwatsu ba ya rasa hatsari ko babu maƙiyi. Babu hasumiya, babu fitila, babu na'urar ja-gora. Tsaunukan Ayir sun haura mita 2,000 a Bagzan. Gwargwadon tudu da zafi, iska na yin shara-shara, injin ya rage ƙarfi, fiffike ya rage ɗauka. In aka ƙara da rairayi mai riƙe taya da nauyin mutane da mai, ƙaramin jirgi na iya barin ƙasa amma ya kasa hawa.

Mako shida bayan hatsarin, ranar 27 ga watan Janairu 1996, sojoji ƙarƙashin Ibrahim Baré Maïnassara suka kifar da gwamnatin da zai tattauna da ita. A wannan shekara littafin tarihin rayuwarsa, Je suis né avec du sable dans les yeux, ya fito a Faransa, a 2007 kuma mawaƙan Tinariwen suka sa waƙa mai sunansa a faifansu Aman Iman.